Wutar da Na Kunna Saboda Bindigar Basasa

A da ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Kura. Noman rani ya rufa mini asiri, ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

A ɗakin Babana akwai wata tsohuwar bindiga, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Kakansa ne ya riƙe ta a yaƙin basasar Kano. Ta daɗe ba ta tashi, amma Baba bai fasa shafa mata mai ba.

Akwai wani Alhaji a Bunkure, dillalin shinkafa, mai tara bindigogin wancan yaƙi yana jera su a bangon falonsa. Ya zo ya ari tamu, wai zai nuna wa baƙi. Da Baba ya je karɓa, sai Alhajin ya ce masa a gaban jama'a, "Malam, a jikin gawar kakana kakanka ya zare ta. Kaya ya dawo gida." Aka bushe da dariya. Har Baba ya rasu bai sake zama a majalisa ba.

Na rantse sai na rama.

Na fara da yaudara. Nakan sa maƙeri ya ƙera mini bindiga, in binne ta a laka ta ci tsatsa, in kai wa Alhaji in ce garma ce ta tono. Yana saye, ina jin sanyi a raina. Da ya fara ganewa, sai na koma bin ƙauyuka ina sace wa tsofaffi bindigoginsu na gaske ina kai masa, don kada ya rufe mini ƙofa. Abin da aka yi wa ubana na yi wa iyayen wasu, ko a jikina.

Duk da haka zuciyata ba ta huce ba. Ran wata Juma'a, mutane na masallaci, na haura gidan Alhaji, na watsa fetur a falon, na ƙyasta ashana. So nake ya tarar da abin alfaharinsa ya zama toka. Ban san Bitrus, mutumin Filato mai yi masa dakon buhuna, yana hutawa a ɗakin ajiya na kusa ba. Ya fito da rai, amma hannuwansa sun ƙone. Ya kuwa gan ni.

A kotu ban yi musu ba. Gaskiya, har a gidan yari in na tuna fuskar Alhaji sai in yi murmushi. Na daɗe kafin in iya tuba tsakanina da Allah.

Da aka sake ni, Bitrus na fara nema. Na same shi yana gadi a wata gonar tumatir a Kadawa. Na durƙusa. Ya miƙo mini yatsunsa da suka shanye, ya ce, "Malam, ni me kakana ya yi wa kakanka? Tashi. Ban yafe ba." Ban ga laifinsa ba.

Samari, ku ji ni. In an cuce ku, ku kai ƙara, ko ku bar wa Allah. Alhaji ya gyara falonsa, yana ci gaba da tara bindigoginsa. Bitrus kuwa, har yau matarsa ce ke ɓalle masa maɓallin riga, ni kuma da wannan zan tsaya gaban Ubangijina.