Takardar da Na Ƙunshe Ƙwaya da Ita

Shekara goma sha ɗaya ana kirana Dokta a unguwar Nima, alhali ko allura ban iya yi ba. Kantin magani gare ni, da lasisin sayar da ƙananan magunguna irin na ciwon kai da zazzaɓi. A farko mutumin kirki ne ni, ba a raba ni da sahun gaba a masallaci. Kada ku ji tausayina, ba shi na zo nema ba. Ku matasa masu tsayawa a kantunan magani, da ku masu koyon aikin jinya, da ku nake.

Kowace shekara kafin a sabunta lasisi, sai an tara mu an yi mana kwas na ƙarin ilimi. Mu kuwa muna da tamu al'adar. Da safe ka sa hannu a takardar halarta, ka sulale ka hau trotro, motar haya, ka koma kanti. Da azahar ka dawo ka karɓi ƙunshin shinkafa da satifiket. Wanda ya zauna har ƙarshe, dariya muke yi masa.

Ana haka tramol ya shigo gari. Masu fasa tsohon ƙarfe daga unguwar Old Fadama ne suka fara tambayata, wai yana ba su ƙarfin aiki. Na sayar wa mutum ɗaya, na ce ai sau ɗaya ne. Kafin shekara ta zagayo ina da katan guda ɓoye a ƙarƙashin kanta. In raina ya dame ni sai in ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, su ke kawo kansu.

Kwas ɗin wata shekara a kan shaye-shaye aka yi shi. Na sa hannu zan fita, wata dattijuwar nas da ke koyarwa ta tare ni a ƙofa.

"Masta, ina za ka? Yau maganar tramol za mu yi. Yaran layinku ne ke mutuwa."

Na ce, "Anti, ni ke ganinsu kullum. Me za ki koya mini?"

Ta cusa mini wani ɗan littafi a hannu, ta ce ko shi in karanta. Ban buɗe shi ba sai da takardar ƙunshi ta ƙare mini a kanti. Na dinga yagar shafukansa ina naɗe wa mutane ƙwaya.

Cikin masu saye har da Mudasiru, ɗan yayata Hajara, mai aikin okada, ɗaukar fasinja a babur. Wata Laraba da hantsi Hajara ta zo a guje daga gidanta a unguwar Maamobi, ko takalmi babu, ta ce ya faɗi ya ƙi tashi. Na je na same shi kwance yana wani irin minshari, leɓɓansa sun yi duhu. Wani maƙwabci ya ce a nemo tasi a kai shi asibiti. Na daka masa tsawa, na ce shi ne dokta ko ni? Na ce a ɗura masa madara, a bar shi ya yi barci, zai warware. Rabin maganar jahilci ne, rabi kuma tsoro, don na san a asibiti za a tambayi inda ya samo ƙwayar. Kafin la'asar ya rasu.

Da aka bi sawun ƙwayar, 'yan sanda suka zaƙulo katan ɗin a kantina, alƙali ya aika da ni kurkuku. Sau ɗaya tak Hajara ta zo ganina. Ba ta gaishe ni ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata yamutsattsiyar takarda da ta samu a aljihun wandonsa.

"Ni ban yi sukul ba. Kai ne Dokta. Karanta mini."

Shafi ne daga littafin nan, da Turanci. Na fassara mata. An rubuta cewa in wanda ya sha ƙwaya ya ƙi farkawa, yana minshari, leɓɓansa sun canza launi, ba barci yake ba, numfashinsa ne ke tsayawa. Kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.

"Wannan yana kantinka?"

"Yana nan, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Ta karɓe takardarta ta mayar bakin zane. "Kar ka ƙara ce mini Yaya."

Na fito bara. Na tuba ga Allah, yanzu dako nake yi a kasuwar unguwar Madina, kuma duk wanda ya kira ni Dokta sai mun yi faɗa. Abin da ke ƙona mini rai, ina ganinku har yau kuna sa hannu ku sulale, kuna taƙama da satifiket a bango. Wallahi ba ku da wayo. Ƙwayoyi suna canzawa, abin da ka sani bara ba zai ceci kowa bana ba. Ku zauna a kwas ɗin nan har a tashi, ku yi tambaya, ku karanta abin da aka ba ku, ku bar sayar da abin da lasisinku bai yarda ba.

Layi biyu ne tsakanina da gidan Hajara. Da sallah na je gaishe ta, ba ta fito ba, ta aiko a ce mini takardar tana nan, in ina son in sake karantawa.