Layin da Yaya Ya Bari

Shekarar da yayana ya tafi Libiya, wayar hannu uku ce kacal a ƙauyenmu na bakin tafki, can Ngaski ta ƙasar Yauri: ta sarkin ruwa, ta wani dillalin kifin banda, sai tasa. Shi bakaniken injin jirgi ne, kuma mutum ne mai son a san da zamansa. Ya sayi layin a Yelwa lokacin da sai wane da wane ke saye, ya riƙa rataya wayar a wuya ko da yana kwance inji, alhali ƙauyen ko ɗigon sabis babu. Na sha yi masa tsiya, ina cewa ya kashe kuɗinsa ya sayi agogo mai tsada.

Sabis ɗin a cikin ruwa yake. Wata rana dillalin banda yana dawowa daga tsallake, wayarsa ta yi ƙara a tsakiyar tafki, har matuƙin jirgin ya kusa sakin inji don firgita. Masunta suka yi ta kai da kawowa sai da suka tantance wurin, suka ɗaura jarka a igiya, suka nutsar da dutse. Daga ranar aka sa wa jarkar suna ofis. Duk mai son waya sai ya hau jirgi ya tafi ofis, ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Ranar da zai tafi, Inna ya miƙa wa wayar, amma ni ya kalla, don ni ce na yi boko a gidan, ina koyarwa a firamaren ƙauyen.

"Lambag ga ita ɗai ta cikin kaina," in ji shi. "Takarda ana amshe ta ga hanya. In layin ga ya mutu, wani za su ba, ni kau ban san ta inda zan same ku ba. Ki riƙa sa mai kati, kar shi kai wata ukku babu. Ran Juma'a in an sauko, ku tahi ofis ku jira ni."

Na ce na ji. Har da ɗan ɓata rai na faɗa, don na tsani a maimaita mini abu kamar wata marar kai.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Duk farkon wata nakan shiga Yelwa karɓar albashi, in tafi da wayar, in ba masu janareta su yi mata caji, in sayi kati, in kankare shi da farce a nan bakin shagon, in loda. Ranar Juma'a Kawu, ƙanen Inna, yakan tuƙa mu zuwa jarkar a ƙaramin kwalekwalensa. Inna ta zauna a tsakiya da wayar naɗe cikin leda biyu, mu yi ta jira rana na dukanmu. Sau da yawa haka muke dawowa ba a kira ba. Amma yakan kira. Ya kira daga Agadas, ya yi shiru wata biyu da suka kusa kashe Inna, sannan ya kira daga wani gari da ya ce yana gyaran janareta. Maganar ba ta wuce minti biyu. Inna ba ta iya sa wayar a kunne ba, a gaban bakinta take riƙe ta, ta yi ta ɗaga murya tana tambayarsa ko yana cin abinci.

Sai aka ba ni damar ƙarin karatu a Argungu. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba, na gaji da warin banda da sauro. Kafin in tafi na zaunar da Inna na ce mata duk kasuwar farkon wata ta ba masu janareta wayar, ta kuma sayi kati wajen mai shagon da ke kusa da kwata, matsayar jiragen ruwa. Ta maimaita mini sau biyu. Iyakar abin da na gaya mata ke nan, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Na zo hutu sau ɗaya a tsakani, kwana huɗu. Na ga wayar da caji, na tambaye ta ko ana sayen kati.

"Ko wata guda ban tsallake ba," in ji ta.

Na koma makaranta hankali kwance. A can ma na sayi tawa wayar, ina ɗokin ranar da Yaya zai kira in ba shi sabuwar lamba, ya riƙa samuna ko'ina nake.

Wajen ƙarshen damina wani direban motar kifi ya kawo mini saƙo: Inna ta ce sabis ya tashi daga ofis. Na yi tsaki, na zagi kamfanin waya, na ce ai halinsu ne. Jarrabawa ce a gabana. Bayan wata biyu direban ya sake tsayawa a ƙofar makaranta, ya ce Inna ta ce har yanzu ba su same shi ba. Kalmar nan ta "same shi" ta tsaya mini a rai, amma ban taso ba sai da aka rufe makaranta.

Na tarar da Inna ta rame, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Kawu ne ya yi mini bayani. Tun da farin ruwa ya sauko, tafki ya cika ya yi launin kunu, wayar ta daina nuna sandunan sabis a wurin jarkar. Shi da Inna suka yanke cewa sabis ya bi ruwa ya sauya wuri, yadda kifi ke yi. To duk Juma'a suke fita nemansa. Sun bi gaɓar yamma, sun zagaya tsibiran da ke kudu da mu, sun shiga cikin kainuwa har filafili ya daina shiga ruwa. Tsofaffi biyu a kwalekwale, ɗaya na tuƙi, ɗaya na ɗaga waya sama. Wata Juma'a iska ta taso musu, sai masunta masu jan taru ne suka janyo su gida.

Na ce wa Kawu me ya hana su tambayi sarkin ruwa ko tasa wayar tana kamawa. Ya ce ta sarkin ruwa ta faɗa tafki tun bara, dillalin banda kuma ya koma Shanga da zama.

Washegari Juma'a ce. Aka sauko daga masallaci muka fita mu uku. Ruwan ya kwanta lamo, babu ko jirgi ɗaya a kusa, ba ka jin komai sai filafilin Kawu. Jarkar na nan inda take, ta yi gansakuka. Kawu ya kama igiyar. Na zaro wayata daga jaka, sandunanta a cike. Na leƙa ta hannun Inna, babu ko ɗaya. Kamfani ɗaya ne, wuri ɗaya, tazarar hannu ɗaya tsakaninsu. 

Na danna lambar Yaya, na sa a kunne. Ta shiga. Ina jin tana ƙara a kunnena, ina kallon wayar da ke kan cinyar Inna, shiru, ko haske ba ta kawo ba. Ta yi ƙara sau uku, sau huɗu. Wani namiji ya ɗauka ya yi sallama, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa. Na kashe da sauri kamar na taɓa garwashi.

"Wa kik kira?" in ji Inna. "Na ji magana."

Na ce kuskure ne, mu koma gida.

Muna shiga ɗaki na ce ta nuna mini yadda take sa katin. Ta kalle ni kamar ba ta gane tambayar ba, ta jawo gwangwanin da take ajiye takardunta daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardun harajin kwata, da na izinin kamun kifi na marigayi Baba, a sama kuma katunan waya, a jere, ɗaure da zaren komar kamun kifi. Na kwance. Sababbi fil, ko ƙwarzane babu a jikin azurfarsu.

Na yi mata ihu. Wannan ita ce rana ɗaya a rayuwata da na ɗaga wa Inna murya, kuma har yau ina jin kunyarta. Na ce wa ya ce mata a gwangwani ake sa kati, ai kankarewa ake yi a zuba lambar cikin waya.

Ba ta yi fushi ba. A hankali ta ce, "Kin ce in saye, na saye. Na biya, ya ba ni shaida, na aje. Wa ka kankare shaida, ɗiyata? Ba ki tuna shekarar da takardata ta kwata taj jiƙe, lambar ta goge, sunka ce ba su san ta ba, sai da nis sake biya?"

Na tuna. A iya sanin Inna, in ka biya hukuma, takarda ake ba ka, aikinka kuwa ka tsare ta kada ta yi ko tabo, don ranar da za a tambaya. Mai shagon bai taɓa tunanin tsohuwar da ke zuwa duk wata ba ta san abin da take saye ba. Ni kuma, mai bokon gidan, shekara guda ina kankare kati a Yelwa, ban taɓa yi a gabanta ba ko sau ɗaya. Laifin nawa ne, kuma na san haka tun ina tsaye a ɗakin, shi ya sa ma ihun ya yi yawa.

Da la'asar na sa Kawu ya mayar da ni wurin jarkar, mu biyu kawai. Na sake kira. Mutumin ya ɗauka, na gaishe shi, na ce don Allah ya yi haƙuri ya saurare ni. Tela ne a Kano. Ya ce a shago ya sayi layin, sabo a kwalinsa, wata uku ke nan. Na ce na yarda, ba rigima ta kawo ni ba, tambaya ce: ko wani ya taɓa kiransa da doguwar lamba, ta ƙasar waje?

Na ji keken ya tsaya.

"Baiwar Allah, ke wace ce tasa?"

Na ce ƙanwarsa ce.

Ya ce yayana ya kira sau uku, duka ranar Juma'a bayan masallaci. Na farko ya ce a ba shi Inna, telan ya ce masa ba nan ba ne. Na biyu ya yi ta faɗa, yana cewa layinsa ne, wa ya saci wayar uwarsa, har suka zagi juna. Na ukun ya zo bayan sati uku, kuma ba da faɗa ya zo ba. Ya ce ya san ba laifin telan ba ne, amma ba shi da kowa sai shi. In Allah ya sa wani daga Yauri ya taɓa kiran lambar, a gaya wa Inna an ɗauke shi riƙon injin wani jirgi da zai haye teku da mutane, jibi za su shiga ruwa, ta yi masa addu'a, ta kuma yafe masa.

"Wallahi na tambaye shi sunan ƙauyenku," in ji telan, "sai kuɗinsa suka ƙare."

Na tambaye shi yaushe ne. Ya ce an kusa wata biyu. Na tambaye shi ko Yaya ya sake kira. Ya ce a'a.

Na roƙe shi kada ya bar layin ya mutu, kada ya sayar, ya kuma rubuta lambata a bangon shagonsa. Ya yi alkawari. Kawu na zaune a ƙarshen jirgi, ya ji rabin maganar, ya gane sauran daga fuskata. Yayana ya san injin tafki kamar tafin hannunsa, amma teku ko a mafarki bai taɓa gani ba.  Kawu ya saki igiyar, muka juyo.

A hanya na shirya ƙarya kala-kala. Da na shiga gida na tarar da Inna a gaban murhun banda tana juya kifi, ta ɗago kai ta dube ni, duk suka watse. Na durƙusa na gaya mata yadda telan ya faɗa, ban rage komai ba.

Ta ajiye sandar hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni, "Yaushe yac ce za su shiga?"

"Inna, wata biyu ke nan."

Kamar ba ta ji ba. Ta ɗauki buta ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kifin na ƙonewa a bayanta, ba wanda ya iya tashi ya kwashe. Ta daɗe hannuwanta a sama. Ina jin ta tana roƙon Allah ya kwantar masa da iska, ya sa injin ya tashi da bugu ɗaya, ya kai shi tsallake lafiya da shi da mutanen da ya ɗauka, duk a matsayin wanda jibi zai tashi. Da ta shafa ta juyo wurina.

"Gobe ki koma ki hwaɗa ma telan," in ji ta, "in ya sake kira, shi ce mai na yahe. Shi shiga."

Na koma na gaya wa telan. Shekara da shekaru ina kiransa duk Juma'a bayan an sauko, kuma bai taɓa ƙin ɗauka ba, Allah ya saka masa. Saƙon Inna na nan a wurinsa, bai samu wanda zai ba ba.