Shekara biyar bayan Inna, da ƙullin da na taɓo a bayana

Shekara biyar ke nan da aka kai Inna makwancinta a nan Madina, amma ban taɓa jin ta kusa da ni ba kamar wata safiya a watan jiya. Ina wanka yatsuna suka ci karo da wani abu mai tauri a ƙasan kafaɗata. Sai da na dafa bango.

Ƙulli ne ya kashe Inna, a ƙirji. Ta ɓoye shi saboda kunyar buɗe jiki gaban likita namiji, tana ta suyar sambusar da take sayar wa alhazai a bakin masallacin Ƙuba, har ya fashe.

Ni kuwa kumburina da gangan aka yi shi. Ina ƙarama man suya ya ƙona ni daga wuya zuwa hammata a gidanmu na unguwar Ƙurban, tabon ya tsuke, hannun hagu ba ya ɗaguwa. Bana likita ya saka mini wata jakar roba kamar balan-balan a ƙarƙashin tsokar bayana, yana ɗura mata ruwan gishiri da allura kaɗan-kaɗan, don fata da tsoka su miƙe a samu abin maye gurbin tabon. Da Inna tana raye, na san cewa za ta yi: "Mutane na gudun kumburi, ke kin kai kanki a hura miki?"

To amma wannan taurin ba a gaya mini zai zo ba. Na kasa cin abinci. Hannun ya yi nauyi, na ce ko tsokar ta yage, ko kuma ciwon Inna ne ya biyo jini.

Goggo Hajara, ƙanwar Baba, ta ɗora ruwa za ta gasa mini wurin. Na ce mata likita ya hana zafi, fatar ta yi siriri. Ta sauke tukunyar, ta ɗauko abayarta.

"To yalla, tashi mu tafi asibiti. Wallahi ba zan sake zama ina kallo ba. Mutuwa guda ɗaya ta ishe ni."

Bayan la'asar likitan ya duba, ya danna, ya sa na ɗaga hannu. Ya ce taurin wani rufi ne da jiki yake yi wa jakar, kowa yana yinsa. Tsokar ma ba ta yage ba. Idan ana jan ta a hankali takan yi siriri da farko, amma tana gina sabon nama a tsawonta, ƙaruwa take yi. Ya ce, "Ma fi shai, ba komai, lafiyarki ƙalau."

Na gaji kunyar Inna, na gaji tsoronta, ban musa ba. Amma ita ce ta sayar da sambusa ta sa ni makaranta, har na iya zama gaban likita na yi tambaya da bakina.

Goggo ta share ido da gefen mayafi, ta dungure mini kai. "Tashi, uwar tsoro. Ko karyawa ban yi ba saboda ke."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta.