Tsumman da ke Cikin Jitar Maharazu

Duk wanda ya taɓa kai hularsa wanki a Yakasai ya san Maharazu. Siriri ne, ga dogon wuya, ga tafiya sannu-sannu kamar yana tsoron kada ƙasa ta ji zafi. Ya yi shekara da shekaru yana tsoma hannu a ruwan sabulu da sitaci, yana jera huluna a kan gwangwanaye a bakin titi. Abin da unguwa ba ta sani ba, ko ta sani ta kau da kai, shi ne wannan bawan Allah makaɗin jita ne.

Jita fa, a gidan malamai! Yayansa Malam Shehu ne ke ba da karatu a zaure, mutumin da ko rediyo ta soma kiɗa sai ya sa an kashe. Maharazu ya sayo jitarsa a Sabon Gari, ya shigo da ita cikin buhun huluna, ya wuce ta gaban yayan nasa har da durƙusawa.

Tun ranar bai taɓa bari ta buɗe baki ba. Ya cusa tsumma a ramin cikinta, ya rataya bargo a ƙofa, yana shafa tsirkiya da tsokar yatsa kamar mai lallashin jariri. Matarsa Nana Hauwa ce mai gadi. Da ta ga ya ja ƙofa, sai ta kwaso tukwane ta zauna gindin tagarsa ta yi ta kankara, don ƙarar ta rufe kiɗan. Babu gidan da tukwane suka sha wanki a Yakasai kamar nasu.

"Malam, yau ma sauron naka zai yi kuka?" in ji ta, don haka take kiran siririn kiɗan nasa.

"Ke dai ɗauko tukunya."

"Ta kusa ɓulewa fa. Ran da ta ɓule, sai ka dafa tuwo a jitar."

A duk rayuwarsa taken kiɗa ɗaya ya ƙirƙira na kansa, kuma sau ɗaya ya ɗauke shi a waya. Wayar ma a kan taga ya ajiye ta, don nan wurin caji yake, shi kuma ya koma can ƙuryar gado ya takure.

Sai Malam Shehu ya rasu. Ba a daɗe ba Nana Hauwa ta kwanta ciwon ciki, ita ma ta bi. Gida ya yi tsit, babu sauran wanda za a ɓoye wa. Amma kafin nan ruwan wanki ya gama da yatsunsa, sun kumbura sun lanƙwashe, ko maɓallin riga da ƙyar yake sawa.

Abin da ya rage masa na cikin wayar ne, kuma burinsa bai wuce a ji shi ko sau ɗaya a rediyo ba, mutane su san ba wankin hula kaɗai Allah ya ba shi ba. Sai ya nufi Ƙofar Dawanau wurin Ilu, wani tsohon makaɗin biki da ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti.

Ilu ya kunna, ya kara kunne, ya yamutsa fuska.

"Mai hula, ina jitar? Ni dai tukunya nake ji."

"Tana ciki. Ka saurara da kyau."

"Wannan siririn abu kamar zare? A rijiya ka kaɗa ta?"

Da ya ji labarin tsumma, sai da ya dafe kai. Ya ce ai kaurin muryar jita daga cikinta yake fitowa, shi kuma nan ya toshe. Gyaran mai sauƙi ne: a cire tsumman, a matso da waya kusa da inda wuyan jita ya haɗu da jikinta, a saki hannu a kaɗa da ƙarfi, a sake ɗauka.

Maharazu ya matso kusa. Ya ɗora hannuwansa a kan tebur. Ilu ya dube su, ya daina dariya.

"To, bari mu ga abin da na'ura za ta iya."

Ya ƙara wa sautin ƙarfi, ya ƙara masa kauri daga ƙasa. Jitar ta taso kaɗan, amma tukunyar da ke kusa da waya ta taso fiye da ita. A nan ne Maharazu ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ashe kankarar ba haka kawai take ba, bin kiɗan take yi, bugu da bugu. Can tsakiya sai ta tsaya, muryar Nana Hauwa ta ce ƙasa-ƙasa:

"Malam, saki hannunka mana. Yaya ya fita."

A ranar, daga can ƙuryar gado bai ji ta ba. Sauron ya ci gaba da kukansa yadda ya saba, tukunya ta jira kaɗan, ta koma aiki.

Ilu ya yi gyaran murya. Ya ce zai iya share ƙarar gaba ɗaya, har da maganar. Jitar za ta ɗan yi kamar ana kaɗa ta a ruwa, amma rediyo za ta karɓa. In an bar tukunya kuwa, babu mai sa wannan.

"In ka share, ita ma ta tafi?"

"Ta tafi."

"Bar ta. Ƙara mata ƙarfi ma."

Rediyo dai ba ta ji shi ba, Yakasai ma haka. Yanzu in ka je karɓar hularka, za ka same shi zaune da waya a kunne, abu yana ta ƙwas-ƙwas. Wani ya taɓa tambayarsa ko wayar ta lalace ne. Ya ce lafiyarta ƙalau.

Jitar tana rataye a ɗaki. Har yau bai cire tsumman ba.