Shekarar da Baba ya daina gyangyaɗi

Mahaifina tela ne a unguwar Birni, cikin Damagaram. Tun ina ƙarama na san minsharinsa, har maƙwabta kan yi masa tsiya da shi. Da ya haura hamsin sai abin ya canza. Inna ta ce yana cikin barci numfashinsa kan tsaya cak, sai ta girgiza shi ya zabura yana haki. Da rana kuwa gyangyaɗi yake a kan keken ɗinki. Wata Laraba allura ta huda masa yatsa, jini ya ɓata shaddar mutane. Daga nan masu kawo ɗinki suka fara janyewa.

An ce mana likitan da ya san wannan ciwo yana Yamai, kuma sai mutum ya ɗauki takarda ya je ya yi ta jira, bai san ranar da za a gan shi ba. Baba ya ce ba zai rufe shago a kan minshari ba.

Majon da ke kula da ɗakin shan magani na unguwarmu, wata ma'aikaciyar jinya marar yawan magana, ita ta ce mini da na kai mata kukanmu, "Ki ɗauko mini barcinsa a talho." Na ɗauka da wayata da ya kishingiɗa bayan azahar. Ta saurara sau biyu, ta auna wuyansa, ta yi wa Inna tambayoyi, ta rubuta komai a ordinata, wato kwamfuta, ta tura.

"Shi ke nan?" in ji Baba. "Ina takardar?"

Na ce, "Ta riga ta isa Yamai, Baba."

Kafin mako ya zagayo amsa ta zo, da ranar zuwa da sa'a. Ni na raka shi. Aka kwantar da shi da wayoyi a jiki, washegari likitan ya bayyana mana cewa maƙogwaronsa ne ke toshewa in ya yi barci. Muka dawo da wata na'ura mai hura iska ta hanci.

Baba ya dube ta ya ce, "Takunkumin raƙumi za ku sa mini?"

Inna ta ce, "Malam, shekara nawa ina gadin numfashinka? Sa ka gani."

Kwana uku yana ƙorafi. A na huɗu, Juma'a ce, ya dawo daga masallaci ya tsaya tsakar gida ya zayyana mana huɗubar liman, wadda a da barci ke raba shi da ita, tun daga farko har ƙarshe, har da inda liman ya yi tari. Inna ta ajiye muciya ta rangaɗa guɗa, matan maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Bayan kaka Baba ya fito da tsohon babur ɗinsa, wanda gyangyaɗi ya sa ya jingine, ya goge, ya ce zai je Gouna gaida yayarsa. Na ce in raka shi. Ya ce a'a, bayan babur ɗin na yayar tasa ne, zai kawo mana ita ta kwana biyu.