Matar da Ke Shafi na Huɗu

Manasse mutum ne mai son jin dalilin komai. Wajen 1994 shi ke buga littattafan yaƙi da jahilci a wani ɗan biro, wato ƙaramin ofis, a Madarunfa, da tsohon injin da kullum ke barin hannunsa baƙi ƙirin. In ya gama littafi ba ya iya zama. Sai ya hau keke ya bi ƙauyuka yana leƙen yadda ake karanta shi. A haka ya gano tsofaffi ba sa shiri da ƙananan baƙaƙe, mata kuwa hoto suke fara dubawa.

Gab da wata damina, lokacin da zawo ke kwasar yara, ya buga littafi kan haɗa ruwan gishiri da sukari. Manyan baƙaƙe ya sa, ga hoton uwa tana ba ɗanta ruwan a kofi a shafi na huɗu. Har yana yaba kansa. Amma da ya je ajin mata a Gabi, sai ya ga duk wadda ta zo shafin nan ta tsallake shi. Hankalinsa ya tashi, don bayanin maganin duka a nan yake.

Ya durƙusa gaban Hussaina, dattijuwar ajin.

"Inna, rubutun ne ya yi ƙanana?"

"Rubutu lahiya lau, ɗana. Matar ce ba mu yarda da ita ba."

"Mi ta yi?"

"Dubi hannun da take ba yaro ruwa da shi. Wagga ba ta samu tarbiyya ba. Ita za ta koya muna magani?"

Manasse ya duba. Hagu! Ashe da ya ɗora hoton a taga yana kwafa, takardar ya kifa, dama ta koma hagu. Kunya ta rufe shi.

Ya tattaro littattafan nan ɗari da ashirin, ya sake zanen, ya yi kwana shida yana yankawa yana liƙawa da ƙaro. Ranar da ya mayar, Hussaina ta daɗe tana kallon matar kamar mai duba sabuwar suruka.

"Yauwa, yanzu ta yi hankali," in ji ta. "Ku buɗe, mu ji abin da za ta ce muna."

Ta ɗora yatsa kan layin farko, ta fara haɗawa a hankali, sauran matan na binta: "A ta-fa-sa ru-wa."