Hatimin Da Na Karanta Wa Malam Sambo

Ni ɗan garin Shagari ne, kuma kafin in lalace masinja nake a ofishin ƙaramar hukuma. Albashi kaɗan, amma ba mai nuna ni da baki. Da farar hula suka karɓi mulki, ɗan garinmu ya zama shugaban ƙasa, mutanen karkara suka ɗauka duk ɗan garinmu yana da hanya a Legas. Ni kuwa ko tashar Legas ban sani ba. Na bar su a haka, don girman ya yi mini daɗi.

Da fari takardar neman fasfo nake cika wa mutane, a ba ni na goro. Da tsadar rayuwa ta matso, albashi ya riƙa maƙalewa, kowa sai zancen tafiya Makka neman abinci. Biza kuwa iri biyu ce. Ta Umra, kwanaki kaɗan ka dawo. Ta zama, sai wani a can ya tsaya maka kafin a ba ka izini. Wani ejan a Sakkwato ya koya mini in karɓi kuɗin ta zama, in kawo ta Umra, wai in sun isa sai su ɓace cikin jama'a. Na yarda, tir da ni.

Ana nan sai Malam Sambo na Danchadi ya aiko kirana. Shi ya koya mini karatu tun daga baƙi. Ya tsufa, ido ya yi rauni, burinsa ya ƙare kwanansa a Madina. Ya ce ta zama yake so, ba zai yi ɓuya a garin Manzon Allah kamar ɓarawo ba. Ya sayar da lambunsa na fadama, ya raba littattafansa, ya bi gida-gida yana neman gafara.

Ranar da na kai masa fasfon, ya kanga shi dab da idonsa, ya kasa karantawa. Ya miƙo mini.

"Ɗana, wanga hatimi mi yac ce?"

Umra aka rubuta, ɓaro-ɓaro, da Larabcin da shi ya sa mini a baki. Na ce, "Zama, Allah gafarta Malam." Ya ɗora hannu a kaina ya sa mini albarka.

Wata huɗu ya yi a Madina. Askarawa suka kama shi yana fitowa daga masallaci, yana ta rantsuwa cewa takardarsa halal ce. Aka tsare tsoho, aka jefo shi jirgi daga shi sai rigar wuyansa. Shi bai kai ƙara ba, maƙwabtansa ne suka ja ni kotu a Bodinga. Alƙali ya ɗaure ni shekara uku.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, a kurkuku ma yaba mini ake yi, wai ni gwani ne. Gwanin me? Cutar makahon da ya riƙa kirana ɗa?

Da na fito na wuce Danchadi kai tsaye neman gafara. Na tarar ya rasu da damina, a ɗakin aro. Na roƙi a nuna mini kabarinsa, kowa ya kau da kai.

Na tuba ga Allah, yanzu albasa nake nomawa. Samari, in za ku fita waje, ku nemi bizar da ta dace da zamanku, kuma ku kai wa mutum biyu su karanta muku ita. In kuwa ku aka miƙa wa takarda, ku faɗi abin da ke ciki. Ni na samu bakin neman gafara, na rasa wanda zan roƙa.